Motar Sista Ta Daina Kuka

Duk layin nan babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta ba shi sunan Injiniya. Mai aski ne, kuma askin ya iya shi, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Sunan kuwa, shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta a saman ƙofar shago, mutane suka yi dariya har suka gaji suka bi shi a haka. Cutarsa ɗaya ce: duk abin da aka ɗaure da noti, gani yake kamar tsokanarsa ake yi. Ya kwance fanka, ya kwance rediyo, ya kwance agogon bangon surukarsa, kuma bai taɓa mayar da abu ba tare da wani ƙarfe ya yi saura a hannunsa ba. Ragowar nan yake tarawa a wani tsohon gwangwanin madara, yana girgiza wa masu zuwa aski.

"Kun ji wannan? Duk wayon kamfani ne. Cusawa suke yi don abu ya yi nauyi. Ni idan na kwance, sai in rage masa kaya."

Motarsa ta kansa ma haka ya yi ta rage mata kaya, har ta zauna a bayan gida kaji suka samu ɗaki. Tun daga nan matarsa, ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista, ta sayi tata 'yar motar ta riƙe makullin a jaka. Ita ke tuƙi, shi yana gefe da hannu a kan gwiwa. Tela, wanda shagonsa ke manne da na aski, ya sa masa suna Fasinja. Babu sunan da ke ƙona wa Injiniya rai a duniya kamar wannan.

To, sai ga shi an tura Sista kwas na 'yan kwanaki a wani gari. Da safiyar ranar da za ta tafi, ta tsaya a bakin ƙofa tana juya makullin a yatsa, tana kallon mijin nata kamar mai shirin ba yaro wuƙa.

"Baban Auta, ga shi. Ka tuƙa, ka sa mai, ka zo tasha ka ɗauke ni. Idan na dawo na same ta yadda na bar ta, makullin nan ya zama na mu biyu."

"Haba Maman Auta, sai ka ce wani yaro."

"Idan kuwa ka kwance ko da noti ɗaya ne, wallahi kai da sitiyari sai dai ku gaisa daga nesa. Birkin ya ɗan yi laushi, na sani. Ka bar shi. In na dawo zan kai wa Bakanike."

Da ma ba ta faɗi kalmar ƙarshen nan ba. Bakanike! Mutumin bakin titi mai baƙin farce, wanda ya taɓa ce wa Injiniya a gaban jama'a ya tsaya a kan gashin kai, tunda shi ko an ɓata yana sake tsirowa. A ce matarsa ta cikin gida za ta tsallake shi ta kai wa wannan? Kafin motar da ta ɗauke ta ta sha kwana, Injiniya ya gama tsara komai a ransa. Zai sa mata birkin da ba a taɓa gani a unguwar ba. Ranar da ta dawo ta taka ta ji, da kanta za ta damƙa masa makullin, ta ce a yafe mata.

Ya wuce wajen mai sayar da kayan mota ya ce a ba shi takalmin birki, amma ba irin na kowa da kowa ba.

"Akwai irin na motocin tsere," in ji mai shagon. "Sai dai fa motarku..."

"Shi nake so."

"To. Ka ga waɗannan siraran falle-fallen ƙarfen da ke cikin kwalin? A bayan takalmin ake sa su, kada ka..."

"Malam, ka san da wa kake magana kuwa?"

Mai shago ya duba shi sama da ƙasa, ya rufe kwalin ya miƙa masa.

A ƙofar shagon aski aka yi aikin, don kada wani ya ce bai gani ba. Ya kafa jak, ya baje sifanoni a kan tawul ɗin aski, ya juya hula baya. Masu jiran aski suka jira har suka watse. Tela ya jawo benci ya zauna, igiyar awo rataye a wuya.

"Fasinja, matar gidan ta san da wannan tiyatar?"

"Za ta sani ranar da ta zo godiya."

Sai da rana ta yi sanyi ya mayar da tayar ƙarshe, ya miƙe yana dafe ƙugu. A kan tawul kuwa, ga falle-fallen nan kwance reras, ko taɓa su bai yi ba.

"Waɗannan fa?" in ji Tela.

"Wayon kamfani."

"To ba ni su. Ƙafar kekena ɗaya tana rawa, sun yi daidai da abin tokarewa."

Injiniya ya ba shi, har da cewa ya riƙe kyauta. Sannan ya wanke hannu, ya shiga mota, ya sauke gilashi ya ce wa duk wanda ke kusa ya matsa ya ga ikon ilimi. Ya ja ta zuwa ƙarshen layi, ya juyo a guje, daidai ƙofar shago ya taka.

Ƙiiiiiiiii!

Tsayawa kam ta tsaya. Amma ƙarar da ta fito daga ƙafafun motar nan, duk mai haƙori a layin sai da ya ji ta a haƙorinsa. Tantabarun saman rufi suka tashi gaba ɗaya. Mai shayi ya zuba ruwan zafi a gefen kofi. Daga gidan da ke kallon shagon, jaririn da aka sha wuya kafin a samu ya yi barci ya amsa da tasa muryar. Uwar ta leƙo ta taga, ɗankwali a hannu.

"Wane marar imani ne yake yanka akuya da zarto a ƙofar gidan mutane?"

Injiniya ya fito yana murmushi, duk da kunnensa na dama ya toshe.

"Ki yi haƙuri, maƙwabciya. Sabon birki ne, irin na tsere. Haka suke yi. Gaisawa yake yi da farantin taya, zuwa gobe sun saba."

Gobe ta yi, ba su saba ba. Abin ma kamar da dare suka ƙara samun saɓani. Duk inda Injiniya ya taka birki, sai mutane su waiwayo suna neman inda aka yi haɗari. A bakin makaranta mai gadi ya fito da sanda. A mahaɗar titi ɗan sandan hanya ya dafe ƙirji, ya biyo shi da harara har ya ɓace. Injiniya ya ƙure rediyo, ƙarar ta bi ta saman rediyon ta wuce.

Nan fa aka shiga neman magani. Ya sake kwance tayoyin, ya goge takalman da samfefa. Da ya gwada, sai kukan ya rabu biyu, na gaba siriri, na baya mai kauri.

"Madalla," in ji Tela. "Da mawaƙi ɗaya ne, yanzu ya samu 'yan amshi."

Ya wanke farantan da sabulu da soson ƙarfe, sai ƙarar ta fito tas, babu ko dishewa. Ya sauya na hagu zuwa dama, na dama zuwa hagu, kukan ya bi su. Da yamma ya kwanta a ƙarƙashin motar ya daɗe yana nazari, ya fito da albishir: wayar birkin hannu ce ta yi tsauri, ita ke jan komai. Ya sassauta ta son ransa. Yana cikin yi wa wani dattijo aski sai ya hango ta madubi motar tana gangarowa da baya ita kaɗai daga ɗan tudun ƙofar shago, a natse, ta nufi tukunyar mai shayi. Ya fita a guje da almakashi a hannu, shi da Tela suka tare ta da ƙirji, aka sa mata dutse. Dattijon ya tafi gida da rabin kai.

Bakanike ya zo wucewa a kan babur, ya rage gudu.

"Mai aski, tun daga gareji nake jin kiran motar nan. Ni take kira fa. In duba?"

"Ka je ka duba farcenka."

"To. In ta kai ta kawo, ka san inda nake."

Gaskiyar magana, zuwa wannan lokaci tsoro ya riga ya shiga Injiniya. A waje yana cika baki, a ɗaki kuwa abinci ba ya wuce masa. Ya so ya mayar da tsofaffin takalman ya huta, sai ya tuna tun ranar farko ya jefa wa mai gwangwan su, har da cewa a kai su gidan tarihi. Sista ta bugo waya, ta tambayi gida, ta tambayi kaji, sannan ta ce, "Motata fa?"

"Lafiyarta ƙalau. Kowa a unguwa zancenta yake yi."

Wannan kam bai yi ƙarya ba. Abin da ya rage masa shi ne ya koyi tuƙi ba tare da taɓa birki ba, kuma ya koya. Tun daga nesa yake sauke giya, ya lallaɓa, ya bi hanyar da babu tsayawa ko da ta fi nisa. Amma ya san Sista. Minti ɗaya a kan sitiyari ya ishe ta ta gane komai.

Ana gobe za ta dawo, ya zauna a bencin Tela ya zabga tagumi. Tela yana taka keke, keken ya soma wani ɗan ƙiƙi-ƙiƙi. Ko ɗaga kai bai yi ba, ya miƙa hannu ya ɗauko 'yar butar mai, ya ɗiga a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Shiru. Injiniya ya ɗago a hankali.

"Me ka yi yanzu?"

"Mai na sa. Ƙarfe in yana kuka ai ƙishirwa yake ji. Kai injin askinka da me kake lallashinsa?"

Suka kalli juna. A iya zaman da suka yi na maƙwabtaka, wannan ce rana ta farko da bakinsu ya zo ɗaya, kuma da sun san abin da zai biyo baya da sun ci gaba da musu.

"Shekara nawa ina ɗiga wa inji mai," in ji Injiniya yana bugun goshi, "amma ban kawo wannan ba! Ka ga illar ilimi in ya yi yawa, ƙaramin abu sai ya ɓace maka."

"In ta yi, ka faɗa wa mutane dabarata ce."

"Dabararka a keke. A mota tawa ce."

Suka fara da butar Tela, ta ƙare a taya ɗaya. Injiniya ya kawo man injin aski, shi ma ya tafi. Daga nan ya ce aikin manya sai kayan manya, ya samo giris cikin gwangwani, ya naɗe hannun riga ya shafe farantan nan huɗu ciki da waje, har suna ƙyalli. Ya shiga ya ja ta a hankali, tafiyar da ko tsohuwa za ta wuce shi, a kan shimfiɗaɗɗen layin nan da babu tudu babu gangare. Ya taka. Motar ta ɗan yi tunani, ta ƙara taku kaɗan, ta tsaya. Ko ƙis ba a ji ba.

Maƙwabciya ta leƙo ta taga ta sa albarka. Mai shayi ya tafa. Injiniya ya fito ya ɗaga hannu biyu masu maiƙo sama.

"A gaya wa Bakanike ya zo ya ɗauki darasi! Kyauta ne!"

"Kamar fa ta ɗan wuce inda ka taka," in ji Tela.

"Laushi ke nan. Birkin manya ba ya fizgar mutum."

Washegari ya sha wanka, ya sa rigar da yake ji da ita, ya ce Tela ya zo ya zama shaida. Tela ya shiga gaba.

"Yau wane ne fasinja?" in ji Injiniya.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Daɗin wannan amsa ya raka shi rabin hanya. Kuma da yake ƙafarsa ta saba gudun birki, har suka kusa tasha bai taɓa shi ba ko sau ɗaya. Ya manta da abu guda: titin tasha gangare ne. Ba wani gangare mai tsanani ba, ɗan zuro ne mai tsawo, wanda mai tafiya a ƙasa ba ya ma lura da shi.

Daga sama ya hango ta. Tana tsaye a bakin ƙofar tasha da jakarta, tare da abokan aikinta mata biyu da suka dawo tare, ga 'yan tasha da masu talla cike da wurin. Injiniya ya gyara hula. Ya danna hon sau biyu don kowa ya juyo, kowa kuwa ya juyo. Ya ɗora ƙafa a kan birki cikin ƙasaita.

Babu ƙara. Babu kuma wani abin.

Ya ƙara takawa. Ya taka da ƙafa biyu. Motar ta ci gaba da gangarawa abinta, ba ta gudu, ba ta kuma da niyyar tsayawa.

"Fasinja, mun iso fa," in ji Tela.

"Na sani."

"To tsaya mana."

"Tsayawar nake yi!"

Sista ta ɗaga hannu tana murmushi, ta matso bakin titi. Motar ta zo daidai ita. Injiniya, gumi na bin gemunsa, ya leƙo ta taga, don ko a wane hali mutum ba ya wuce iyalinsa babu gaisuwa.

"Maman Auta, sannu da hanya!"

"Yauwa, sannu... Baban Auta? Ina kuma za ka?"

"Ina zuwa!"

Ya wuce. Ya fizgi birkin hannu, sandar ta taso har kusa da kunnensa babu wata gardama, tunda shi da kansa ya sallami wayar. Giyar da ya kwana biyu yana taƙama da ita kuwa, tsoro ya goge masa ita daga kai. Tela ya buɗe ƙofa ya zura ƙafa yana jan takalmi a kwalta, yana salati da ƙarfi, takalmin ya cire ya yi nasa wuri. Mai lemo ya janye baronsa. Wani kwandasta ya biyo su a guje ya kama bayan motar yana turjewa, hannunsa ya zame, ya zauna daɓas a titi. Bayansa ga Sista nan tafe da sauri, jaka a hannu, abokan aikinta na biye.

"Ku kauce! Ku kauce!" Tela ke ihu. "Giris ne! Giris muka sa!"

A ƙarshen gangaren akwai shagon mai katifa, wanda kullum yake jera hajarsa a waje, ɗaya kan ɗaya, har ta fi tsayin mutum. Motar ta nufi tarin nan kai tsaye, ta shige cikinsa a hankali, luf. Tarin ya yi rangaji, ya yi kamar zai haƙura, sannan katifun suka zubo ɗaya bayan ɗaya suka rufe ta ruf. Ko a nan ma ba ta yi ƙara ba.

Kowa ya zuba ido. Can daga ƙarƙashin katifu aka ji muryar Tela.

"Ni dai keke na ce. Ban ce mota ba."

Dariyar da ta ɓarke a wurin, har direbobin da ke cikin tasha sai da suka fito. Aka janye katifu, aka zaro su biyun babu ko ƙwarzane. Mai katifa yana ta faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, yana nuna tabon giris a kan sabuwar haja. Sista ta kutsa cikin mutane. Ta kama fuskar mijinta ta duba idanunsa, ta taɓa wuyansa, ta sa ya ɗaga hannu ya sauke. Ta tsorata ba kaɗan ba. Sai da ta tabbatar lafiyarsa ƙalau, sannan ta buɗe tafin hannunta a gabansa.

"Maman Auta, bari in yi miki bayani. A kimiyyance..."

Hannun bai motsa ba. Ya sa makullin a ciki. Ƙarar zip ɗin jakar nan da ta rufe ta fi masa kukan birkin ciwo.

Wanda aka kira ya zo da motar janwe kuwa, ba sai an faɗa ba. Bakanike ya durƙusa ya shafa farantin taya, ya duba yatsansa, ya kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wa ya soya birkin nan? To ina falle-fallen da ke zuwa cikin kwali? Ai su ke hana kukan."

Kowa ya kalli Injiniya. Injiniya ya kalli Tela.

"Suna ƙarƙashin ƙafar kekena," in ji Tela, yana tsaye da takalmi ɗaya. "Kuma gaskiya tun da na sa su bai ƙara rawa ba."

Aka ɗaure motar aka ɗaga gabanta. Bakanike ya ce Sista da Tela su shiga gaban janwe, wuri ya cika ke nan. Injiniya ya tsaya a titi shi kaɗai, hula a hannu, rigar da yake ji da ita duk giris. Sista ta dube shi ta taga. Haushi na cinta, amma tausayi ya ɗan fi yawa.

"Baban Auta, shiga motar ka zauna a wajen direba. Ka riƙe sitiyarin da kyau, ka yi sallama da shi."

Haka aka shigo layi da shi, gaban mota a sama, injin a kashe, makulli a jakar Sista, shi kuwa ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Mai shayi ya fito, maƙwabciya ta leƙo da jariri a kafaɗa, dattijo mai rabin aski ya miƙe daga benci. Injiniya ya ga idanu sun yi masa yawa. Ya gyara zama, ya sauke gilashi, ya fito da gwiwar hannu waje.

"Ku dai ku faɗi gaskiya," ya ce. "Kun ji ƙara?"